Yadda DJ Zai Koma Sabuwar Kwamfuta da Jerin Waƙoƙinsa Cikakku

Kuka ɗaya ake yawan ji daga bakin masu sa kiɗa a wuraren biki idan sun sayi sabuwar kwamfuta: waƙoƙi sun zo, amma aikin da aka yi a kansu bai zo ba. DJ zai kwashe foldar waƙoƙinsa kaf ya zuba a sabuwar laftof, ya buɗe manhaja, sai ya tarar da fili fetal. Babu jerin shigowar amarya, babu na kamu, babu wanda ya ware wa iyaye mata, babu na lokacin liƙi. Wani kuwa jerin yana nan daram, sai dai kowace waƙa ta ƙi tashi. A manhajar Serato sunanta ya rikiɗe ruwan lemo da alamar tambaya a gefe, a rekordbox kuma alamar motsin rai ce take fitowa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manhajar DJ ba ta ajiye waƙa a cikinta. Abin da take riƙewa kundi ne mai ɗauke da adireshin kowane fayil, da saurin kiɗansa, da rukunin da aka saka shi, da tarihin lokutan da aka buga shi. Kamar littafin mai raba katin gayyata ne: sunaye da adireshi ne a ciki, idan mutanen gida suka tashi ba tare da an gyara littafin ba, ɗan aike zai je ya yi ta sallama a kango. Saboda haka kaya biyu ne ake ɗauka a wannan ƙaura, waƙoƙin da kundin, kuma dole adireshin da ke haɗa su ya kasance yadda yake.

Wanda bai san wahalar da ke cikin kundin nan ba zai ce ai sai a sake jerawa. Ba haka abin yake da sauƙi ba. Waƙoƙin zamani irin na Hamisu Breaker ko Ado Gwanja an haɗa kiɗansu a kwamfuta, saurinsu ɗaya daga farko har ƙarshe, manhaja kan gane shi cikin daƙiƙoƙi. Amma a ɗauki tsohon faifan Mamman Shata ko na Barmani Choge. Hannun ɗan Adam ne ya buga kalangun da ƙwaryar, kiɗan yana ɗan ƙara sauri yana ɗan lafawa, manhaja ta kan rikice. DJ ne yake zama da abin sauraro a kunne ya daidaita layukan bugun da hannu, ya dasa alama a daidai inda amshi ya shigo, wata a inda za a tsallake doguwar gabatarwa. Ga kuma ɗaruruwan waƙoƙin da suka iso ta WhatsApp da suna irin AUD da lambobi, waɗanda sai a cikin manhajar aka rubuta musu sunan mawaƙi. Wannan aikin shekaru ne, kuma a wasu manhajojin fayil guda ɗaya ne yake ɗauke da shi duka.

VirtualDJ, wadda da yawa suke fara koyon sana'ar da ita saboda ana sauke ta kyauta don amfanin gida, tana cikin irin waɗannan. Alamomi da saurin kiɗa da sauran gyare-gyare suna zaune ne a fayil mai suna database.xml, ba a jikin waƙar ba. Wanda ya kwafi waƙoƙi ya bar wannan fayil ya bar komai. A da, foldar VirtualDJ tana cikin Documents. A sababbin sigogin manhajar na Windows ta koma cikin AppData, wadda kwamfuta take ɓoyewa, shi ya sa wasu suke rantsuwa cewa sun duba ba su gan ta ba. Foldar gaba ɗaya ake ɗauka, domin jerin waƙoƙi da saitunan manhaja duk suna ciki. Akwai kuma umarnin Create Database Backup da yake dunƙule kundin a fayil ɗaya, sai dai a kula da abu biyu: ba ya haɗawa da waƙoƙin, kuma a kan tsohuwar kwamfutar yake ajiye shi, sai an kwafe shi zuwa waje. Idan wasu waƙoƙin suna kan ma'ajiyar waje, ita ma tana da tata foldar VirtualDJ da nata kundin, kada mai shara ya ga baƙuwar folda ya goge.

Serato, ta kamfanin da ke Auckland a ƙasar New Zealand, ta raba ƙafa. Alamomin shiga da madauki da layukan bugu tana rubuta su a jikin fayil ɗin waƙar, don haka suna bin waƙar duk inda ta je. Akwatunan da ake jera waƙoƙi a ciki kuwa, a sigogi na 2 da na 3, suna cikin foldar _Serato_ da ke cikin Music, a ƙaramar folda mai suna Subcrates. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a jona ma'ajiyar waje, a buɗe sashen Files a cikin manhajar, a jawo akwatunan a sake su a kan ma'ajiyar, a zaɓi kwafa, ba matsarwa ba. Serato da kanta za ta kwashi waƙoƙin ta kuma kafa sabuwar foldar _Serato_ a can. Daga nan duk kwamfutar da aka jona ma'ajiyar, Windows ce ko Mac, akwatunan za su fito. Wanda ya zaɓi matsarwa ya kwance wa kansa zani a kasuwa idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, domin rabin kayan ya bar gida, rabi bai isa ba.

Masu rekordbox sun fi kowa samun sauƙi. A ƙarƙashin File akwai Library, a ciki akwai Backup Library, kuma manhajar za ta tambaya ko a haɗa da waƙoƙin. A amsa da e. A sabuwar kwamfuta sai Restore Library. Traktor kuma kundinta collection.nml ne, yana cikin foldar Native Instruments a Documents.

Yanzu ga inda yawanci ake yin tuntuɓe, wato adireshi. A ce a tsohuwar kwamfuta waƙoƙi suna C:\Users\Studio\Music. An sayi sabuwa mai Windows 11, an shiga da asusun Microsoft, sai Windows ta yanki haruffa biyar na farkon imel ta yi sunan folda da su. Adireshi ya canja ke nan ba tare da mai kwamfuta ya taɓa komai ba. Wani lokaci kuma OneDrive ce take janye Documents zuwa cikin tata foldar, manhaja ta je tsohon wuri ta tarar babu kowa. Haka ma harafin ma'ajiyar waje: jiya E ce, yau an riga an jona filash sai ta zama F, rekordbox ta ce waƙa dubu goma sun ɓata. Maganin wannan yana cikin Disk Management, inda ake ba ma'ajiyar harafi na dindindin. A zaɓi na can ƙasa, kamar M ko X, wanda wani filash ba zai riga ta kamawa ba, a kuma ba ta harafin nan a kwamfutocin biyu.

Idan adireshin ya riga ya canja, kada a yi gaggawar sake shigar da waƙoƙin daga farko. Yin haka yana haifar da tagwaye, ɗaya mai alamomi amma ba ta tashi, ɗaya tana tashi amma babu alama ko guda. Kowace manhaja tana da hanyar nuna mata sabon wuri: Relocate Lost Files a Serato, Display All Missing Files a rekordbox, Check Consistency a Traktor. Dukkansu da sunan fayil suke nema, shi ya sa ranar ƙaura ba ranar gyaran sunaye ba ce. Mai sha'awar mayar da "waka" ta zama "waƙa" da ƙugiyarta, ko sake tsarin foldodi, ya yi haƙuri sai an sauka lafiya, sannan ya yi gyaran daga cikin manhajar.

Ma'ajiyar da za a yi jigilar da ita ma tana da nata sharaɗin. Mac tana karanta tsarin NTFS amma ba ta rubutu a kansa, Windows kuma ba ta gane APFS na Mac. FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, abin da zai hana dogon bidiyo ko dunƙulallen kundi shiga. Mai tafiya tsakanin Windows da Mac, exFAT ne nasa. A tuna cewa sauya tsari yana share duk abin da ke kan ma'ajiyar, don haka kafin a zuba kaya ake yinsa.

Sai lissafin lokaci. Waƙar minti 5 a MP3 mai inganci 320 tana cin kusan megabait 12, waƙa 10,000 ke nan sun doshi gigabait 120. Ta tsohuwar kafar USB 2 wannan ya haura awa guda, sau da yawa ma fiye, saboda ƙananan fayiloli suna jan ƙafa. A cika batir, a rufe manhajar DJ kafin a taɓa foldar kundinta, a kuma guji filash ɗin da ya zaga shagunan tura waƙoƙi, domin bairos ɗin da ke ɓoye foldodi ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu ta nan yake yawo. Bayan an gama, a danna Properties a ɓangarorin biyu a gwada adadin fayiloli. Idan lambobin ba su zo ɗaya ba, aiki bai ƙare ba.

Abu biyu ne ba sa bin kwafi. Na farko lasisi: sai an shiga da asusun da aka saya da shi, wasu manhajojin ma sai an cire tsohuwar kwamfuta daga asusun tukuna. Na biyu waƙoƙin da ake jawowa kai tsaye daga Tidal ko Beatport ko SoundCloud, waɗanda ba fayiloli ba ne a kwamfutar, sai an sake shiga asusunsu za su dawo. Ya kuma kamata sigar manhajar ta zama iri ɗaya a kwamfutocin biyu ranar ƙaura. Sabuwar siga takan juya kundi zuwa nata tsarin, kamar yadda rekordbox 6, da ta fito a 2020, ta yi wa kundin ta 5, kuma komawa baya yana da wuya. Wanda yake son sauya manhajar ma ɗungurungum, daga Serato zuwa rekordbox misali, wannan aiki ne daban da ke buƙatar manhajar juyi irin su Lexicon, kuma bai dace a haɗa shi da sauya kwamfuta a rana ɗaya ba.

Babban kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne sayar da tsohuwar kwamfuta, ko miƙa ta ga mai gyara ya yi mata fomatin, tun kafin a gwada sabuwar. Gwajin kuwa ba buɗe manhaja a ga jeri ba ne kawai. A cire intanet, a jona na'urar haɗa kiɗa, a ɗora waƙoƙi daga rukuni daban-daban, tsofaffi da sababbi, a duba ko alamomin suna inda aka dasa su. Duk DJ da ke da biki a ƙarshen mako ya fara wannan aiki tun farkon makon, ya je wurin taron da tsohuwar kwamfutar a jaka, kuma kada ya goge komai a kanta sai sabuwar ta yi aƙalla biki biyu ba tare da waƙa ko ɗaya ta ƙi tashi ba.