Yadda Za Ka Kare Hanyar Shan Ruwan Injin Jirgi Daga Shara Da Tsatsa

Darasin yau ya shafi injin da ake maƙalawa a bayan kwale-kwale, irin Yamaha mai ƙarfin doki 40 da ake gani a Yawuri, tafkin Kainji da Baga. Idan wayarka ta yi zafi, ajiye ta za ka yi ta huce. Shi kuwa injin jirgi, idan ya yi zafi ya mutu a tsakiyar kogi da fasinja da kaya, magana ce ta rai.

Yadda injin yake sanyaya kansa

Wannan inji ba shi da lagireto kamar mota. Ruwan da jirgin yake kai shi yake zuƙa ta wasu ƙananan ramuka masu rariya a ƙafar injin, kusa da farfela. Daga nan wani famfo mai fukafukan roba, wanda ake kira impela, yana tura ruwan sama ya zagaye injin ya kwashe zafi, sannan ya fice. Akwai wani siririn ruwa da yake tsartuwa daga bayan injin, masu jirgi na ce masa fitsarin inji. Shi ne shaidar cewa famfon yana aiki.

Matsala ta farko: shara

Leda ita ce babbar abokiyar gaba, domin tana manne wa rariyar ta rufe ta ruf. Sai kainuwa da ciyawa, sai yashi da laka a wurin da ruwa ba shi da zurfi. Ruwan nan shi ne yake jiƙa robar impela, don haka idan ta juya a bushe tana iya ƙonewa cikin ƙasa da minti 1.

1. Kafin ka tashi, ɗaga injin ka duba rariyar ta ɓangarorin biyu.
2. Kada ka taɓa tayar da injin a tudu ba tare da ruwa ba, ko da gwaji ne.
3. Da ka tayar, ka tabbata tsartuwar tana fita da ƙarfi, kuma ka riƙa waiwayarta a kan hanya.
4. Idan ta tsaya, kashe injin nan take, ka ɗaga shi ka cire abin da ya maƙale. Idan ramin tsartuwar ne ya toshe, zura zaren kamun kifi na roba mai kauri. Ban da ƙusa.
5. A bakin gaɓa ka ɗan ɗaga injin don kada ya sha yashi, amma rariyar ta ci gaba da zama cikin ruwa.
6. Bakanike ya duba impela sau ɗaya a shekara. Idan wani fiffike ya karye, a nemo guntun, domin yana iya toshe hanya a ciki.

Matsala ta biyu: tsatsa

Jikin injin alminiyom ne, sandar farfela kuma ƙarfe ne marar tsatsa. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu cikin ruwa, sai su zama kamar batir, ɗaya ya riƙa cinyewa. Shi ya sa ake ɗaura wani guntun ƙarfe mai suna anod, wanda aikinsa ya cinye a madadin injin.

Anod na zinki na ruwan gishiri ne, kamar tekun Legas. Na maganiziyom na ruwan daɗi ne, irin na kogin Neja da Binuwai. Na alminiyom yana aiki a duka biyun. Zinki a ruwan daɗi yakan yi farin ɓawo ya daina aiki, don haka ka tambaya kafin ka saya. Kada ka yi wa anod fenti ko ka shafa masa giris, kuma ka canza shi idan rabinsa ya cinye. Idan ka ga wata da watanni yana nan sumul, to injinka ne yake cinyewa.

Wanda ya shiga ruwan gishiri ya wanke cikin injin da ruwan famfo na kamar minti 15 bayan aiki, domin gishiri yana daskarewa ya ƙuntata hanyar.

Shawara ta ƙarshe: ɗauki hoton anod da rariyar da wayarka yau, ka saita tunatarwa a kalanda duk wata don ka kwatanta. Ka kuma ajiye impela guda a cikin jirgi, domin kuɗinta bai kai komai ba a kan kuɗin gyaran injin da ya ƙone.