ILMIN MOTSI: ABIN DA KE SA MOTA TA ƘI TSAYAWA

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda hanyar mota ta ratsa ƙasarsu, kasuwanni kuma suna ci a bakinta. Abin da ke cikinta an tsamo shi daga darasin farko na ilmin fiziks, wanda ɗalibai ke somawa da shi a shekararsu ta fari a jami'a, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da aka buɗe a 1962. Reshen da ya shafi motsin abubuwa ana ce da shi makaniks, tushensa ɗaya da sunan makanikin da ke gyaran mota. Lissafinsa yana da zurfi, amma ƙa'idodi uku ne gindinsa, kuma wanda ya iya lissafin haraji ba za su gagare shi ba.

Faɗuwar dutse

A ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, malamin Yunanawa Aristotal ya koyar da abu biyu game da motsi. Na ɗaya, abu mai nauyi ya fi maras nauyi saurin faɗuwa. Na biyu, abu ba ya ci gaba da tafiya sai da mai tura shi. Da yake ido yana nuna kamar haka ɗin ne, aka yi kusan shekara dubu biyu ana karanta wannan a makarantu. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, yana cikin waɗanda ba su yarda da magana ta biyu ba. A ganinsa abin da aka jefa yana riƙe da wani karkata a jikinsa, wanda ba ya ƙarewa sai wani abu kamar iska ya cinye shi.

Wanda ya warware zancen da gwaji shi ne Galileyo, mutumin Italiya, wanda aka haifa a garin Pisa a 1564. Da ya ga abu mai faɗuwa ya yi masa sauri, ba shi da agogon da zai auna shi, sai ya fafe kwari a jikin dogon katako, ya jingina shi, ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla. Lokaci kuwa da ruwa ya auna shi, watau ya bar ruwa yana zuba ta siririn bututu muddin ƙwallon na tafiya, sa'an nan ya auna nauyin abin da ya zuba. Ya tarar in lokaci ya ninka biyu, tafiyar ƙwallon ta ninka huɗu, in ya ninka uku ta ninka tara. Ya bayyana wannan cikin littafinsa da aka buga a ƙasar Holan a 1638. Labarin da aka fi sani, wai ya sako duwatsu daga hasumiyar Pisa, wani almajirinsa ne ya ba da shi bayan rasuwarsa, masana tarihi da yawa kuwa suna tababa a kai.

Yanzu an tabbatar kome aka sako, gudunsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan, ko turmi ne ko tsakuwa. Abin da ke sa gashin kaza ya yi ta shawagi iska ce. Gani ya kori ji: a 1971 wani Ba'amurke, David Scott, ya sako guduma da gashin shaho tare a kan wata, inda babu iska, suka dira lokaci ɗaya. Waɗansu suna kiran wannan ja maganaɗisun ƙasa, amma sunan bai dace ba, gama maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa ba ya barin kome. Gara a ce jan ƙasa.

Da wannan ana iya kintata zurfin rijiya. A saki tsakuwa, kada a jefa ta, a ƙirga sakan har a ji ta taɓa ruwa. A buga adadin sakan da kansa, sa'an nan a buga da biyar. Sakan biyu mita 20 ke nan, sakan uku mita 45. Sai dai kuskuren rabin sakan yana iya rage mita 14 daga wannan na biyu, saboda haka malamin da zai rubuta zurfi cikin rahoto ya nemi igiya.

Ƙa'idodi uku

Ishaƙ Niyuton, mutumin Ingila, shi ya tattara abin da na gabansa suka gano, ya ƙara nasa, ya fitar da littafi cikin harshen Latin a 1687.

Ƙa'ida ta farko: abin da ke tsaye yana nan tsaye, abin da ke tafiya kuwa yana ci gaba da tafiya sosai, ba ƙari ba ragi, sai wani ƙarfi daga waje ya sake masa hali. Amalanken da aka daina turawa yana tsayawa ne don ƙasa tana gogar ƙafafunsa, ba don motsin ya gaji ba. Wannan ƙa'ida ita ke kashe mutanen da ke hawa kan kaya a bayan babbar mota. Direba ya taka burki, burki ya kama mota, amma bai kama mutumin da ke bisa buhu ba, sai ya wuce gaba da gudun da motar ke yi. Haka nan a kwana: mota ta karkata, kaya suna son miƙewa, in an yi musu tsiri sama sai su kifar da ita. Bel ɗin kujera aikinsa ya ɗaure mutum da mota domin su tsaya tare. Irin mai ratsa ƙirji da ƙugu wani injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya fito da shi a 1959.

Ƙa'ida ta biyu ita ce ta lissafi. Ƙarfin da ake bukata a sake gudun abu ya danganta ga yawan jikin abin da kuma hanzarin da ake so gudun ya sake. Amalanke mai buhu goma yana bukatar ninki biyu na ƙarfin da mai buhu biyar ke bukata kafin ya tashi daidai da shi, in an ajiye nauyin amalanken kansa gefe. Kuma abin da aka tsai da farat ɗaya yana shan ƙarfi mai yawa, wanda aka tsai da sannu yana shan kaɗan. Shi ya sa ƙwan da ya faɗa kan dusa ya kan tsira, na kan daɓe kuwa ya fashe.

Ta uku: in abu ya tura wani, shi ma wancan yana tura shi da ƙarfi daidai wa daida. Maharbi ya san wannan a kafaɗarsa in ya harba adaka. In babbar mota ta yi karo da keke, ƙarfin da kowanne ya sha ɗaya ne, ƙa'ida ta biyu ce ke raba musu sakamako.

Lissafin burki

Nan ne zancen ya fi shafar hakimi. Kowa ya ɗauka in gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya shi ma biyu zai ninka. Ba haka ba ne, huɗu yake ninkawa, kamar dai ƙwallon Galileyo. Dalili kuwa, mai gudu ninki biyu yana bukatar lokaci ninki biyu kafin gudun ya ƙare, kuma cikin wannan lokaci yana cin ƙasa da sauri ninki biyu.

A ɗauki ƙaramar mota mai burki lafiyayye da taya mai kyau, a kan kwalta busasshiya. In tana kilomita 40 a awa, daga taka burki zuwa tsayawa mita 9 ne. In tana 80, mita 36. In tana 120, mita 81. Bayan wannan akwai lokacin da ke wucewa tsakanin ganin abu da ɗora ƙafa a burki, wanda ba ya kasa sakan ɗaya ga yawancin mutane, ya kan fi haka ga mai gajiya. Cikin sakan ɗin nan mota ta ci mita 11, ko 22, ko 33. Jimla ke nan mita 20, da 58, da 114.

To, a ce yaro mai talla ya fito titi, tsakaninsa da mota mita 30. Mai gudun 40 zai tsaya da sauran mita 10. Mai gudun 80 kuwa ya riga ya cinye mita 22 kafin ya taɓa burki, saura mita 8, cikinsu burki ba zai rage masa abin kirki ba. Zai iske yaron yana kimanin kilomita 70 a awa, wanda daidai yake da a sako mutum daga tsawon mita 20. Duk wannan kuwa bisa zaton direba bai yi sakaci ba, motarsa kuma ba ta da aibi.

In ruwa ya jiƙa hanya, ko kuwa ta burji ce, kamun taya yana iya raguwa da rabi, sai mita 36 ɗin nan ta koma 72. Babbar mota mai kaya ba ta tsayawa cikin waɗannan adadi ko kusa. Burki ba ya ɓatar da motsi, mai da shi zafi yake yi, motar da aka yi wa lodi har nauyinta ya ninka biyu kuwa zafi ninki biyu burkinta zai sha. A doguwar gangara ya kan yi zafi har ya daina kamawa, nan ne ake cewa burki ya tsinke.

Mai tsallake titi shi ma yana da nasa lissafi. Hanya mai faɗin mita 7 tana ɗaukar mai tafiya da ƙafa kimanin sakan biyar, tsohuwa mai kaya a ka ta fi haka. Cikin sakan biyar mota mai gudun 80 ta ci mita 111. Ashe motar da ake hange can nesa, a ce ai da saura, ta riga ta iso.

Saboda haka allon gargaɗi da aka kafa daf da bakin kasuwa ya makara, domin kafin direba ya karanta shi ya riga ya shiga cikin mutane. Ya kamata hakimi ya sa malaminsa ya auna tsakanin allon da rumfar farko, in ya ga bai isa ba ya rubuta wa masu kula da hanya, ko Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, ya sa adadin mitocin cikin takardar. Ranar kasuwa kuma a sa dagaci ya ja masu baza kaya da baya daga bakin kwalta, a hana ajiye mota a inda za ta tsare wa direbobi ganin masu tsallakewa.

In kuwa haɗari ya auku, kafin ƙafafun mutane da dabbobi su shafe sawun taya, a auna tsawonsa da igiya, a rubuta ko hanya busasshiya ce ko jiƙaƙƙiya, kwalta ce ko burji, a miƙa wa 'yan sanda. Sawun mita 36 a kan kwalta busasshiya yana nuna gudun bai kasa kilomita 80 ba, ko da direba ya ce 40 yake yi. Rashin sawu kuwa ba shaidar tafiya sannu ba ne, domin motoci da yawa na yanzu suna da burkin da ba ya barin taya ta ja ƙasa.