DARASIN ADON HARSHE: ABIN DA KUKA SANI TUN DAGA GIDA

Ya ku ɗalibai da iyayenmu na Roni da kewaye.

Da yawa daga cikinku kan dawo daga boko suna kukan wai darasin Ingilishi ya yi tsauri, an kawo su simili da metafo. To ku kwantar da hankalinku. Wallahi kun san abin nan tun kuna goye, suna kawai ya bambanta. Bahaushe ya kira shi adon harshe, malaman zaure kuma suna karantar da shi a fannin Balaga, cikin littattafai irin su Jauharul Maknun na Shehu Ahlari.

1. KAMANTAWA. Ita ce simili, a Larabce tashbihi. Idan Inna ta ce, "Yaron nan ya bushe kamar karan dawa," ta yi kamantawa. Rukunanta huɗu ne: abin da aka kamanta (yaro), abin da aka kamanta shi da shi (kara), kalmar kamantawa (kamar), da inda suka yi tarayya (rama). A cikin Suratul Ankabut, aya ta 41, Allah Maɗaukaki ya kamanta masu riƙon waninsa majiɓinci da gizo-gizo da gidansa maras ƙwari.

2. SIFFANTAWA. Ita ce metafo. A nan sai a jefar da "kamar": "Yayana zaki ne." Amma ku lura da kyau. Malaman Balaga suna kiran wannan tashbihi baligi. Sai an ɓoye yayan gaba ɗaya, an ce "zakin gidanmu ya dawo daga gona," sannan ya zama isti'ara. Bature kuwa duka biyun metafo yake ce musu. Kada ku kai amsar wani aji zuwa wani.

3. MUTUNTARWA. Ba wa abin da ba mutum ba halin mutum: "Rijiya ta yi fushi bana, ta hana mu ruwa."

4. KAMBAMAWA. Zuzuta abu fiye da kima: "Na kira ka sau dubu." Wannan ba ƙarya ba ce, don mai ji ya san nufinka. Amma in an kira ka shaida a gaban malam ko alƙali, ajiye ado ka faɗi adadi.

Amfanin wannan darasi ya wuce cin jarrabawar WAEC. Wanda bai san ado ba yakan ɗauki magana a kan fatarta, ya yi wa karatu gurguwar fahimta, ko a yi masa habaici yana dariya.

AIKIN GIDA: Yau da dare ku kasa kunne ga hirar Kaka ko Baba, ku rubuto misalai uku da ajami ko boko, ku faɗi irin kowanne. Iyaye, don Allah a taimaka musu.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.