Cikon Haƙori: Kayan Aiki da Dabarun Gyara

A ƙauyukan Funtuwa da Malumfashi, ba kasafai ake kai yaro asibiti saboda kogon haƙori ba, sai ciwo ya hana shi barci, lokacin da cirewa kaɗai ta rage. Iyaye kan ce ai zai yi famfara. A nan kuskuren yake, domin turmin farko na dindindin yana fitowa ne yaro na da kimanin shekara 6, a bayan haƙoran yarinta 20, kuma idan ya tafi babu mai maye gurbinsa. Malamin aji ɗaya na iya riga kowa ganin baƙin ɗigon.

Daɗaɗɗen abin ciko shi ne amalgam, haɗin azurfa da kuza da tagulla, wanda kusan rabinsa zaiba ce. Yana da ƙarko, amma a 2022 ƙasashen Yarjejeniyar Minamata suka amince a kauce wa sa shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa. Farin ciko mai launin haƙori kuwa yana buƙatar busasshen wuri da fitila ta musamman mai daskarar da shi.

Dabarar da ta fi dacewa da karkara ita ce ART, wadda aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980. Da ƙaramin cokalin hannu ake kankare ruɓaɓɓen wurin, babu injin haƙa, babu lantarki, sannan a danna wani ƙullu mai sakin sinadarin fuloraid. Idan ruɓa ta kai jijiya, wannan dabara ba ta da amfani. Sai a wanke saiwar, a rufa wa haƙorin hula.