Kutare Huɗu a Ƙofar Samariya

Karatu: 2 Sarakuna 7:3-11; Luka 17:11-19.

Sa'ad da Ben-hadad sarkin Suriya ya kewaye Samariya da yaƙi, yunwa ta yi tsanani har aka sayar da kan jaki a bakin shekel 80 na azurfa. A ƙofar birnin kuwa akwai kutare huɗu zaune, gama shari'a ta hana su zama cikin jama'a. Suka ga in sun shiga gari mutuwa ce, in sun zauna ma mutuwa ce, gwamma su faɗa hannun magabta. Da magariba suka tashi, suka iske sansani ba kowa, gama Ubangiji ya firgita rundunar, ta gudu.

Sai mu lura da abin da suka fara yi. Suka ci, suka sha, suka kwashi azurfa da zinariya da tufafi, suka ɓoye. Suka komo suka ƙara. Kada mu yi garajen ganin laifinsu, gama wanda ya daɗe da yunwa ba ya saurin yarda cewa gobe ma zai samu. Amma daga bisani zuciyarsu ta kāshe su. Suka tuna da mata da yara da ke bayan ganuwa, suka koma cikin daren nan suka kira masu tsaron ƙofa. Har da tsoron hukunci cikin abin da ya tashe su, Littafi bai ɓoye wannan ba. Duk da haka ta bakinsu birni ya tsira.

Mu mutanen Yola da Jimeta ba mu bukatar a fassara mana wannan labari. A dā babu wanda zai ce za mu gan shi da idonmu, amma a 2014, da Madagali da Michika suka faɗa hannun Boko Haram, Mubi kuma ta bi su a ƙarshen Oktoba, dubban mutane suka kwararo mana, waɗansu da ƙafa. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar Katidiral na St. Theresa a Jimeta, ya karɓe su, ba a tambayi kowa addininsa ba. A 2021 aka buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi domin waɗanda suka kasa komawa, har da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Mafi yawan 'yan gudun hijira kuwa ba a sansani suka sauka ba, a gidajen talakawa ne, Kirista da Musulmi, inda tukunyar mutum biyar ta ciyar da ashirin.

To, 'yan'uwa, a nan tambaya ta same mu. Cikin kutare goma da Yesu ya tsarkake, ɗaya ne ya komo, Basamariye kuwa, yana yabon Allah da babbar murya. Tara ɗin ba su yi musun warkewarsu ba. Gaba kawai suka yi da harkarsu. Yawancinmu haka muke. Ranar godiyar kaka muna kawo dawa da masara da akuya gaban bagade da rawa, wani lokaci ma ido yana kan wanda ya fi kawowa. Amma gwauruwar da ta ba mu tabarma da rabin ɗakinta a waccan shekara, yaushe rabonmu da ƙofarta? Waɗanda garinsu ya tsira kuma, muna cewa Allah ya kiyaye mu, sa'an nan mu ɓoye abin da ya bar mana kamar yadda kutaren suka yi da fari.

Kafin mu taru mako mai zuwa, kowane gida ya tuna da sunan mutum ɗaya da ya taimake shi a kwanakin wahala, ya je ya gaishe shi da mudun hatsi a hannu. In ya rasu, a nemi 'ya'yansa.