Kalmar Ingilishi "Slot" da Hanyoyin Fassara Ta Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin matsalolin da ɗalibin fassara kan fuskanta ita ce kalma mai ma'ana fiye da ɗaya. A wannan maƙala zan ɗauki kalmar Ingilishi "slot" in yi mata filla-filla, domin kalma ce da ake yawan ji a Abuja, daga ofisoshin gwamnati zuwa filin jirgin sama da shagunan waya. Manufata ita ce in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa kalmar Hausa guda ɗaya ba za ta ɗauke duk nauyinta ba.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar ta shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci a wajajen ƙarni na 14, kuma a lokacin tana nufin ɗan ramin da ke tsakanin wuya da ƙirjin mutum. Daga nan ta koma nufin duk wani siririn tsagi da aka yi domin a zura wani abu. Idan aka lura, tushen duk ma'anoninta guda ne: wurin da aka bari babu komai, daidai girman abin da zai shige shi. Kalmar Hausa da ta fi kusa da wannan ita ce gurbi, wato ramin da kaza ke yin ƙwai a ciki, ko ramin da ake saka ɗan dara.

3.0 Ma'anoninta

3.1 Tsagi ko kafa. Wannan ita ce ma'anar zahiri. Tsagin asusu da yaro ke jefa kwabo, da tsagin akwatin zaɓe, da bakin na'urar cirar kuɗi inda ake zura kati, duk "slot" ne ga Bature. A shagunan waya na Banex da ke Wuse, za a ji mai saye yana neman waya mai sim biyu, ba tare da ya ambaci ramin ba. Daga wannan ma'ana ce aka sami sunan na'urar caca ta "slot machine", wadda ta bayyana a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, domin ta tsagi ake jefa mata kuɗi.

3.2 Fili. A gidan rediyo ko talabijin, kalmar tana nufin lokacin da aka ware wa wani shiri. Bahaushe ya daɗe da tasa kalmar, shi ya sa muke jin filin gaishe-gaishe ko filin noma. A nan Hausa ta aro sunan wuri ta ba wa lokaci, kamar yadda Ingilishi ya yi.

3.3 Lokacin sauka da tashi. A harkar jiragen sama, "slot" izini ne da ake ba kamfani ya sauka ko ya tashi a ƙayyadadden lokaci. A filin jirgi mai cunkoso wannan izini dukiya ne. A shekarar 2016 kamfanin Oman Air ya biya dala miliyan 75 domin lokacin sauka da tashi guda a filin Heathrow na Landan. A 2024 Ministan Sufurin Jiragen Sama, Festus Keyamo, ya rubuta wa hukumomin Birtaniya ƙorafi kan hana kamfanin Air Peace irin wannan izini, kuma a watan Oktoba na 2025 kamfanin ya fara tashi daga Abuja zuwa Heathrow. Mai fassarar da ya ce an hana kamfanin "rami" ko "kujera" ya ɓatar da mai sauraro.

3.4 Kujera. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006 kuma hedikwatarta ke Abuja, ita ke raba kason da Saudiyya ke ba Nijeriya tsakanin jihohi da kamfanonin jirgin yawo. A 2023 kason ya kai 95,000. Jaridun Ingilishi suna kiran su "slots", amma duk maniyyaci ya san kujera ya biya. A fili yake cewa kujerar jirgi ce ta haifi wannan amfani.

3.5 Gurbi. Wannan ya shafi ɗaukar ma'aikata da shiga makaranta, kamar gurbin aiki ko gurbin karatu. Sai dai a bakin 'yan Nijeriya kalmar ta sami ƙarin ma'ana. Idan aka ce wane yana da "slot", ana nufin an ware wa wani babba kaso daga guraben, ya ba wanda ya ga dama. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna a Abuja yana binciken zargin sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya. A irin wannan labari, a ganina, "kaso" ko "alfarma" sun fi fito da manufar fiye da gurbi kawai.

3.6 Gurbi a nahawu. Mu ma ɗaliban harshe muna da namu. A jimlar "Audu ya sayi doki", ana iya cire Audu a sa yaro ko malam, domin gurbin aikau ne, kuma suna ke cike shi. Masanin harshe Kenneth Pike na Amurka ya yi fice wajen nazarin jimla ta hanyar gurbi da abin da ke cike shi.

4.0 A Matsayin Aikatau da Sunan Yanka

Kalmar tana zuwa a matsayin aikatau, inda take ɗaukar ma'anar zura ko saka ko cusa. An zura kati a na'ura, an saka ganawa cikin jadawalin shugaba, an cusa sunan wani cikin jerin waɗanda aka ɗauka aiki. Kowane aikatau da inuwarsa: "cusa" tana nuna an yi abin ta bayan fage, "saka" kuwa ba ta zargin kowa. Haka kuma akwai inda ba a fassara kalmar sam, wato idan suna ce, kamar Arne Slot, kocin da ya ci gasar Firimiya da ƙungiyar Liverpool a 2025.

5.0 Kammalawa

Shawarata ga mai fassara ita ce ya yi wa kansa tambayoyi biyu kafin ya ɗora alƙalami. Me zai shiga wannan wuri: kati ne, shiri ne, jirgi ne ko mutum? Sannan me Hausawan da ke wannan sana'a suke kiransa? Wanda ya amsa su zai san inda zai ce tsagi, da inda zai ce fili ko kujera ko gurbi. Domin gwaji, ɗalibi ya samo kanun labarai biyar masu ɗauke da kalmar, ya fassara su, sannan ya kwatanta da na abokin karatunsa.