Kare Lafiyar Ƙafa a Bakin Teku

Mafi yawan masu zuwa shan iska a bakin teku, ko a gaɓar Elegushi ta Legas, ko Labadi ta Accra, ko gaɓar Bahar Maliya a Jidda da Port Sudan, sukan tuɓe takalmi tun daga inda yashi ya fara, alhali kuwa ƙafa ce sashen jikin da ya fi fuskantar haɗari a irin wannan wuri. Gaɓar teku ta kasu kashi uku, wato busasshen yashi, da yashi mai laima, da cikin ruwa, kuma kowane kashi da irin cutarwarsa.

Busasshen yashi yana ɗaukar zafi da sauri, ta yadda da tsakar rana zafin samansa kan haura digiri 50 a ma'aunin Salshiyas, wanda ya isa ya sa tafin ƙafa ya yi bororo. Haɗarin ya fi tsanani ga ƙananan yara, saboda fatarsu ba ta da kauri, da kuma masu ciwon sukari da cutar ta taɓa musu jijiyoyin ji, domin suna iya ƙonewa ko su taka fasasshiyar kwalba ba tare da sun ji komai ba. Don haka bai kamata mai ciwon sukari ya taka yashi ba takalmi ba ko da na ɗan lokaci ne. Bayan ƙafa ma yana ƙuna da rana, har ga masu baƙar fata, shi ya sa ake shafa masa man kare fata daga rana mai lambar SPF 30 ko sama da haka, a kuma sake shafawa duk bayan awa biyu.

Yashi mai laima da ke ƙarƙashin inuwa, inda mutane suka fi son zama, shi ne mazaunin tsutsotsin da ke fitowa daga kashin karnuka da kyanwoyi. Ƙwan tsutsar yakan ƙyanƙyashe a cikin yashi, sai 'ya'yan su huda fatar wanda ya taka, su riƙa tafiya a ƙarƙashinta suna barin wani jan layi mai lanƙwasa kamar sawun maciji, mai tsananin ƙaiƙayi, wanda ke ƙara tsawo kullum. Likita kan magance ta da ƙwayar albendazole ko ivermectin, kuma sosawa ba ta ƙara komai sai gyambo. A wasu gaɓoɓin Afirka ta Yamma akwai kuma jiga, wato wata ƙaramar ƙuma da tamatarta ke kutsawa gefen farce ko tsakanin yatsu, ta kumbura har ta kai girman ƙwayar wake, a gan ta fara da baƙin ɗigo a tsakiya. Ciro ta da allura ko reza a gida yana jawo ruɓewa, saboda haka asibiti ya kamata a nufa. Shimfiɗa tabarma kafin zama, da barin takalmi a ƙafa, su ne rigakafin waɗannan biyun.

A cikin ruwa kuwa, musamman a Bahar Maliya mai yawan duwatsun murjani, akwai bushiyar teku mai ƙayoyi masu karyewa a cikin nama, da wani kifi mai dafi da ke kwanciya kamar dutse. Silifas ba ya hana ƙaya, kuma igiyar ruwa kan tafi da shi, don haka takalmin roba mai rufe ƙafa da tafi mai kauri ya fi dacewa. Idan ƙaya ko dafi ya shiga, sai a tsoma ƙafar a ruwan zafin da bai wuce digiri 45 ba na minti 30 zuwa 90, domin zafi yana rage raɗaɗin, sannan a garzaya asibiti.

Duk yankan da aka samu, a wanke shi da sabulu da ruwa mai tsabta, a rufe shi, kada kuma a koma cikin teku, domin ruwan gishiri mai ɗumi yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ake kira Vibrio, masu saurin yaɗuwa a jikin masu ciwon hanta ko sukari. Idan raunin ya yi zurfi kuma an daɗe ba a yi allurar tetanus ba, wato cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora, wajibi ne a karɓe ta a ranar.

Bayan an dawo gida, a wanke yashi da gishiri, a tsane tsakanin yatsu sosai don kada laima ta haifar da ƙaiƙayi da saɓar fata, a shafa man kaɗanya a dunduniya domin hana faso, sannan a duba tafin ƙafa da kyau, da madubi idan ta kama. Kumburi, ko ja mai bazuwa, ko zazzaɓi a kwanakin da suka biyo baya, alama ce ta a ga likita ba tare da jinkiri ba.